Motar da Ba Ta Neman Ƙafar Hagu

Maman Abdu a kan babbar mota ya yi ƙuruciyarsa, yana kwasar albasar Galmi zuwa Lome da Abijan. Wata rana a hanyar Dosso tayar gaba ta fashe masa, motar ta kife da kaya, kuma da ya farfaɗo a asibiti sai ya tarar an yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Daga baya aka sa masa ta roba. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa gaisuwar suna da ta'aziyya, amma taka kuloci ya gagara. A wurin ƴan tashar Birnin Konni kuwa, direban da ba ya taka kuloci ya gama aiki, sai dai a gaishe shi da girmamawa a ba shi wurin zama a inuwa.

Ya daɗe a zaune. Tabarma ce a zaure da ƴar rediyo, da safe ya fito ya zauna, da yamma ya naɗe ya shiga gida. Matarsa Saude tana suyar awara a ƙofar gida, kuma ta lura mutumin da a da ba ya gajiya da labarin hanya ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba.

Ana nan sai tsohon maigidansa, Alhaji Ja'afar, mai manyan motocin da ya tuƙa, ya tsaya a ƙofar gidan da wata farar kat-kat, irin manyan motocin alfarma masu keta rairayi. A zamaninta motar manya ce: kujerun fata, allon gaba na katako mai sheƙi, har da taga a rufi. Amma yanzu fatar ta tsattsage, an liƙe tagar rufin don ruwa na yoyo, kuma ƴaƴan Alhaji sun daina shiga cikinta saboda kunya.

Alhaji ya miƙa masa makulli ya ce, "Wagga ba ta neman ƙahwar hagu, Maman. Ita ka canza giyarta da kanta. Kai dai burki da totur, duk da ta dama."

Maman ya shiga, ya kunna, ya ja sandar giyar zuwa D, motar ta silala kamar kwalekwale. Sai da ya zaga unguwar ya dawo sannan ya iya buɗe baki ya yi godiya.

Da wannan motar ya sake zama mutum a tasha. Bai shiga layin ƴan taksi ba, ya ɗauki hanyoyin da su ba sa iya bi: ƙauyukan bayan Dogarawa, da na gefen Alela, inda burji ke ƙarewa yashi ya karɓa. Yakan kai malaman lakwal, wato makarantar boko, ƙauyen da aka tura su, ya zaga da dillalan albasa cikin fadama, ya ɗauko marar lafiyar da ba zai iya zama a bayan babur ɗin kabu-kabu ba. Yana kula da ita sosai. Man inji ba ya wuce lokacinsa, taya ba ta kwana da ƙarancin iska. Abu ɗaya ne bai taɓa dubawa ba, akwatin giyar, wanda makanikan Konni ke kira bwat. Kowa ya tambaya sai ya ce masa irin wannan bwat ɗin a rufe take zuwa daga ƙasar Turawa, ba a taɓa ta, ba a canza mata mai. Shi kuwa ya yarda, don abin da ke aiki lafiya ba ya kiran hannu.

A tsakiyar wata damina aka sallami wani dattijo, Malam Yahuza, daga asibiti, ɗiyarsa ta zo tasha neman wanda zai mayar da su gida. Ƙauyensu yana bayan wata ƙorama ne a arewacin Dogarawa. Da suka isa bakin ƙoramar sai suka tarar ta kawo ruwa, ja wur, yana gudu da karare da rassan itace. Masu amalanke sun kwance shanunsu suna jira. Wani daga cikinsu ya ce a dakata, zuwa la'asar zai janye.

Maman ya waiga baya. Dattijon yana kwance a kan cinyar ɗiyarsa, yana rawar ɗari, ga hadari na sake haɗuwa a gabas. Ya dubi ruwan, ya tuna irin waɗanda ya keta da babbar mota, ya ce bismilla ya shiga. Ruwan ya hau har ƙofofi, ya leƙo ta ƙasan kujeru, motar ta yi nishi ta fita ɗaya gefen tana zubar da laka. Masu amalanke suka bi ta da kallo. Malam Yahuza ya kwana a ɗakinsa, iyalinsa suka cika bayan motar da kabewa da ƙwan zabi.

Ba a ranar abin ya nuna ba. Bayan ƴan kwanaki ne Maman ya fara jin wata ƴar girgiza idan motar za ta shiga giya ta biyu, kamar mai tafiya ya yi tuntuɓe. Sannan inji ya fara yin kuka sama alhali tafiyar ba ta ƙaru ba. Ya yi ta lallaɓawa yana cewa sanyin damina ne. Ranar kasuwa, daidai gaban ofishin duwan, wato kwastan, inda motoci suka yi cincirindo, ya sa ta a D ta ƙi motsi. Na baya suka dame shi da ham. Can sai ta zabura da ƙarfi har kansa ya bugi kujera. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai garejin Rabilu.

Rabilu aparantin Maman ne, wato yaron motarsa, a zamanin babbar mota, shi ke ɗaure tanti da sa wa taya dutse a kan hawa. Yanzu ya zama magidanci mai furfura a gemu, yana da gareji a hanyar Tawa, amma har gobe Maigida yake kiran Maman. Ya hau da motar kan rami, ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin bwat ɗin ya tara gwangwani. Abin da ya zubo ba jan mai ba ne. Wani abu ne mai kauri, launinsa kamar an zuba madara a ruwan soɓorodo.

Ya fito ya nuna masa. "Maigida, ruwa ya shiga. Ina kuka bi da ita?"

Maman ya gaya masa. Rabilu ya goge hannu da tsumma, ya fara magana da sauri irin ta wanda ya saba da matsalar. "Wanga ba abin tashin hankali ba ne. Duk masu irinta haka muka yi musu. Mu sauke bwat ɗin ga baki ɗaya, mu samo ta hannu a Sakkwato, mu sa kuloci, ta fi ƙarko ma, ko an yi shekara..."

Sai idonsa ya sauka a kan ƙafar robar da ke leƙowa daga ƙasan wandon Maman. Ya sake goge hannun da ya riga ya goge.

"Ƙarasa mana," in ji Maman.

"Ka yi haƙuri, Maigida. Bakina ya riga tunanina."

"Ita wagga da ke ciki, ba ka iya gyara ta?"

Rabilu ya girgiza kai. "Ban taɓa buɗe ta ba. In na ce na iya, na yi maka ƙarya."

Maman ya bar motar a garejin ya hau kabu-kabu, abin da ya daɗe bai yi ba. Da ya isa gida ya tsaya a zaure yana dube-dube. Saude ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu.

"Baban Hafiza, mi kake nema?"

"Tabarmata."

"Na ba maƙwabta, suna shanyar kuɓewa da ita."

Ya ba ta labari a taƙaice, ya ce da alama zama ya dawo. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Rabilu ya ce shi bai iya ba. Ya ce maka duk duniya ba wanda ya iya?"

"Bai ce ba."

"To ka ci abinci ka koma ka tambaye shi wa ya iya. Tabarma kam ba ni karɓo ta."

Kashegari ya koma garejin, amma ba da tambayar Saude ya fara ba. A hanya wani tunani ya shige shi: wa ya sani ko ƙafar robar ta saba yanzu? Ya ce Rabilu ya ba shi makullin tsohuwar akori-kurarsa. Suka fita filin bayan gareji inda ba kowa sai awaki. Maman ya ɗora ƙafar a kan kuloci, ya danna da dukkan cinyarsa, ya sa giya. Matsalar a wajen saki take. Ƙafar roba ba ta jin inda kuloci ke kamawa, ita dai ko ta danne ko ta zame. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. A wani gwajin tafin ya sulluɓe gaba ɗaya, akori-kurar ta zabura ta ture wata tsohuwar duro, awaki suka watse.

Gumi ya jiƙe rigar Maman, dungulmin ƙafarsa yana zafi. Can ya ce, "Da aparantina ne ya yi wanga tuƙi, da na sauke shi a Dogon Dutsi ya dawo a ƙasa."

Rabilu ya yi ƙoƙarin riƙe dariya ya kasa, Maman ma ya taya shi. Da suka lafa sai ya yi tambayar da aka aiko shi da ita.

Rabilu ya ce akwai wani Fa'izu a Sakkwato, a layin da yake sayen kayan gyara, wanda ba ya aikin komai sai irin wannan bwat ɗin. Bai ambace shi jiya ba ne don jan motar har can, da takardun kan iyaka, ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, da nauyi mai gareji ya kira wani ya ce a koya masa.

"Da na koya maka ɗaurin tanti nauyi ka ji?" in ji Maman.

Suka kira Fa'izu ta waya mai hoto. Mutum ne mai magana a hankali. Ya sa Rabilu ya nuna masa man, ya tambayi tsawon tafiyar da aka yi bayan shiga ruwan, sannan ya ce, "Ba zan ruɗe ku ba. A ciki akwai wasu faya-fayai masu kama da takarda, ruwa maƙiyinsu ne. In sun saki, sai an buɗe ta gaba ɗaya. Amma tunda har yanzu tana ja, a gwada wanke ta da mai. Ku kwance farantin ƙasa ku nuna mini abin da ke ciki."

Rabilu ya kwance farantin, man ya zubo masa har gwiwar hannu. A cikin farantin akwai wani ɗan maganaɗisu, ya tara baƙin abu mai laushi kamar kwalli. Fa'izu ya ce a murza a yatsa. Maman ne ya murza, ya ce babu tsini, babu ɓarɓashin ƙarfe.

"Madalla," in ji Fa'izu. "Tsufa ne kawai wannan. Akwai fata."

Ya gaya musu irin man da za a sa, ya ja kunnensu cewa ba kowane jan mai ba ne, kowace bwat da nata. Ya aiko da mai da sabuwar matata ta hannun wani direba zuwa Illelar Najeriya, ɗan kabu-kabu ya tsallako da su. Matatar farko da ta zo ba ta yi daidai ba, bakinta ya fi girma, aka mayar aka jira wata. A kwanakin jiran Maman bai zauna gida ba. Da safe yana gareji, ya wanke farantin da kananzir, ya kankare tsohon danƙon bakinsa, ya sha shayi da masu jiran gyara.

Da kaya suka cika sai aka fara. Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Fa'izu ya bayyana musu cewa idan an kwance noti ba duk man ke fita ba, fiye da rabi yana maƙalewa a ciki, don haka sai an yi ta maimaitawa. Rabilu ya zuba sabo daga ƙasa da famfon hannu. Maman ya zauna a kujerarsa, inji na aiki, ƙafar dama a kan burki, yana bi da sandar giyar gida-gida, daga P zuwa R, zuwa N, zuwa D, ya ɗan dakata a kowanne don man ya zaga, sannan ya dawo. Sai su fita su ɗan zaga a hankali, su komo, a zubar, a sake zuba sabo.

Zubin farko ya fito kusan yadda yake. Na gaba ya ɗan yi duhu. Suka riƙa ɗiban kowanne a kwalbar roba suna jerawa a kan benci, masu wucewa suna tsayawa kallo, har wani mai shayi ya tambaya ko sabon lemo ake gwadawa. A hankali farin ya yi ta ja da baya. Wata safiya Rabilu ya fito daga rami ya ɗaga kwalba ga rana, hasken ya ratsa ta, ja garau.

Fa'izu bai bar su nan ba. Ya sa Rabilu ya laluba saman bwat ɗin har ya samo wani ɗan guntun tiyo da take shaƙar iska ta cikinsa. Ya tsufa ya tsage, ta nan ruwan ya shiga. Rabilu ya sa sabo dogo, ya ja shi sama har kusa da murfin inji ya ɗaure. Sannan aka auna man yadda Fa'izu ya ce, mota a daidai, inji na aiki, man da ɗumi ba da zafi ba.

Suka fita gwaji kan kwaltar Tsarnawa. Maman ya kashe rediyo, ya sauke gilashi, ya ce Rabilu ya yi shiru. Ya taka totur a hankali. Motar ta ɗan yi jinkiri, kamar mai tunani, sannan ta shiga ta biyu ba tare da tuntuɓen nan ba. Ta shiga ta uku. Da suka wuce gonakin dam, gero ya yi kai a dama da hagu, ta shiga ta ƙarshe, kukan inji ya kwanta. Maman ya ci gaba da tafiya har suka wuce inda suka yi niyyar juyawa.

"Maigida, Galmi za mu?" in ji Rabilu.

"Bari in ƙara jin ta kaɗan."

Da suka kira Fa'izu ya yi murna, amma ya ce kada su ɗauka ta koma sabuwa. Ruwan ya taɓa ta, wata rana sai an buɗe, ko baɗi ko bayan wasu shekaru, Allah ne masani. Abin da zai ja mata kwana shi ne a bar ta ta ɗumama da safe, kada a ja wata mota da ita, a canza mata mai kafin kowace damina, a riƙa duba launinsa da warinsa. Maman ya ce ya ji. Ya ce ranar da buɗewar ta zo, a garejin Rabilu za a yi, Fa'izu ya zo da kansa ya ci tuwon Saude.

Labari ba ya kwana a Konni. Kafin a yi girbi wani jandarma ya kawo motar matarsa, ita ma mai canza giya da kanta, ya ce ya ji ana duba irinta a nan. Rabilu ya ɗebo man a gwangwani, ya duba, sannan ya kira Maman a waya ya ce ya biyo. Maman ya sa yatsa ya shinshina, ya ce wannan ba ruwa ba ne, ƙonewa ya fara yi, a kira Fa'izu a ji. Tun daga ranar, idan ba shi da fasinja, a garejin ake samunsa.

A cikin kwanakin nan ne Hafiza, ɗiyarsu da ke aure a Malbaza, ta haihu. Saude ta kwana biyu tana haɗa kaya: yaji, da kanwa, da zannuwa, da wata ƙatuwar tukunyar dafa ruwan wanka. Da safe Maman ya kunna motar ya bar ta tana aiki a ƙofar gida, shi yana tsaye yana goge madubi. Saude ta fito da mayafinta ta shiga gaba ta zauna. Ta jira, ba a tashi ba.

"Baban Hafiza, mi muka jira?"

"Tana ɗumama."

"Jikan naka har ya yi wayo ba mu isa ba."

"Za mu isa."

Ya shiga, ya gyara zaman ƙafar robar a gefe, ya taka burki ya ja sandar zuwa D. A bakin tasha wata tsohuwa mai ƙullin kaya ta ɗaga hannu, ta ce Tsarnawa za ta. Saude ta ce a ɗauke ta, hanya ɗaya ce. Maman ya tsaya ya buɗe mata baya, ta zauna kusa da tukunyar, ta fara tambayar mace aka samu ko namiji.